Yadda za ka zama malamin lafiyar al'umma a jami'a, ƙafa ɗaya a aji ɗaya a ƙauye

Duk shekara da zarar an fara sayar da fom ɗin mastas wayata ba ta hutawa, wasu tsofaffin ɗalibaina ne wasu kuma ban taɓa ganin fuskarsu ba, lambar kawai suka samu a wajen wani, kuma tambayar ɗaya ce ko da an canza mata riga: Malam ina son harkar lafiyar al'umma, ina so wata rana in koyar a jami'a, ta ina zan fara? Toh amsar ba ta shiga saƙon minti biyu, shi ya sa yau na ce bari in zauna in zayyana ta gaba ɗaya, ƙanina ko ƙanwata duk wanda ya karanta ya tsinci abin da zai amfane shi.

Kafin a zo maganar fom da digiri ka fara tabbatar ka gane aikin tukuna. Likita a asibiti yaro ɗaya ake kawo masa yana amai da gudawa, ya ɗaura masa ruwa ya ba shi magani yaro ya tashi, Alhamdulillahi. Kai naka ba a nan ya tsaya ba. Naka shi ne me ya sa yara goma sha daga layi ɗaya suka zo a sati guda, wace rijiya suke sha, taku nawa ne tsakanin masai da rijiyar, wane ɗan garuwa ne ke kai musu ruwa kuma a ina yake ɗebowa. Unguwa sukutum ita ce majinyacinka. Ka tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, yara suna ta jijjiga suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, da farko aka ɗauka maleriya ce ko sanƙarau amma magani ba ya ci, sai da aka auna jini aka auna ƙasa sannan aka gano gubar dalma ce daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje, yara sama da 400 suka rasu. Kuma ko bayan an gano, maganin cire gubar daga jini kaɗai bai wadatar ba tunda yaro zai koma ya yi rarrafe a ƙasar da ta sa masa ciwon, sai da aka bi gida-gida ana kankare ƙasar tsakar gida ana zuba sabuwa. In ka ji labarin nan zuciyarka ta tafi kan ƙasar tsakar gidan nan, to kai namu ne, zo mu tafi.

Ƙofar da za ka shiga

Ƙofa ba ɗaya ba ce. In kai likita ne hanyarka sananniya ce, ka gama MBBS ka yi shekararka ta sanin makamar aiki ka yi bautar ƙasa, sai ka zauna jarabawar matakin farko ta ɗaya daga cikin kwalejojin nan biyu, ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas wato NPMCN ko ta Afirka ta Yamma wato WACP, sannan ka nemi gurbin horon ƙwarewa a sashen lafiyar al'umma na asibitin koyarwa, ko na Malam Aminu Kano ko na jami'ar Ahmadu Bello wato ABU a Shika ko na Sakkwato ko Maiduguri ko Jos. Horon ba ya kasa shekara 4 kuma sau da yawa yana wuce haka, akwai jarabawa a tsakiya akwai ta ƙarshe da kundin bincike. In ka fito, yawancin jami'o'i a matakin lakcara na ɗaya suke ɗaukar ka, asibitin kuma ya ba ka kujerar babban likita. Abokanka za su yi ta ce maka ka gudu daga duti ne, ka zaɓi inda ba a kwana a asibiti. Ƙyale su, ranar da kwalara ta ɓarke cikin damina za a ga wanda ke kwana.

In kuma ba likita ba ne kada kowa ya karya maka gwiwa, wannan fanni ba gadon kowa ba ne. Nas, ungozoma, duba-gari, mai digirin ƙididdiga, mai ilimin ƙwayoyin cuta, likitan dabbobi, mai ilimin abinci mai gina jiki, har wanda ya karanta halayyar zamantakewa, duk muna buƙatarsu kuma wallahi wani lokacin mai ilimin zamantakewa ya fi mu gane dalilin da ya sa uwa ta ƙi kawo ɗanta allura. Wanda ya fito daga makarantar koyon aikin lafiya yana CHEW ko CHO, wato ma'aikacin lafiya na matakin farko, shi ma hanya a buɗe take sai dai ta fi tsawo, ko ka koma ka yi digirin farko ko in kana da HND ka fara da babbar difiloma kafin mastas. Amma ba zan ɓoye maka ba, a wasu sassan da ke ƙarƙashin tsangayar likitanci wanda ba likita ba yakan sha wuya kafin a ba shi gurbi, don haka ka sa ido kan jami'o'in da suka buɗe sashen lafiyar al'umma mai zaman kansa, da kwalejojin kimiyyar lafiya da na nas-nas, can ma koyarwa ce kuma su ne ke yaye mutanen da ke riƙe da asibitocin sha-ka-tafi. Abu ɗaya dai, kafin ka biya ko sisi ka bincika ko hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa wato NUC ta amince da kwas ɗin, na ga waɗanda suka ƙone shekara huɗu a banza saboda wannan.

Sai maganar mastas, nan ne mutane ke yawan tuntuɓe. Akwai MPH wato mastas na aikin lafiyar al'umma akwai MSc wato mastas na kimiyya, kuma ba ɗaya suke ba a idon kowace jami'a. Wasu wuraren MPH ɗin nasu na ma'aikata ne, ana yi Juma'a da Asabar, yana da kyau ga mai neman ƙarin girma a ma'aikata amma in ka zo neman PhD da shi sai a ce maka ba ya ɗauka. Ka taka da ƙafarka ka je makarantar karatun gaba da digiri ka tambaya baki da baki, wannan mastas ɗin ana wucewa PhD da shi ko ba a wucewa? Ka kuma tambayi waɗanda suka riga ka shekara nawa suka yi kafin su fita, don wani wurin kwas ɗin wata 18 ne a takarda amma furojet sai ya ci shekara uku. Akwai kuma shirin nan na horar da masu bin diddigin annoba wato NFELTP da aka fara a 2008 tare da ABU da jami'ar Ibadan, shekara 2 ne kuma mafi yawansa a fili ake yi ba a aji ba, ɗalibansa sun shiga aikin dalmar Zamfara sun kuma shiga aikin Ebola a Legas a 2014. In kana aikin gwamnati ka ga tallarsa ka nema, ni a wajena da wuya ka samu horon da ya kai shi saka mutum cikin aiki tsundum.

PhD kuwa, in dai jami'a za ka zauna ka sa a ranka sai ka yi, wanda ba likita ba dama ba ya wuce wani mataki sai da shi, likitocin ma da ke da takardar ƙwarewa an daɗe ana taƙaddama kan ko ta tsaya a madadinsa, ni shawarata ka yi abinka tun da sauran ƙarfi kada ka jira a gama gardama.

Abin da za ka koya da hannunka

Akwai abubuwa uku da in ba ka iya su ba digirin ado ne kawai. Na farko ilimin yaɗuwar cuta, na biyu ƙididdiga, na uku rubutu. Ƙididdigar nan ita ce dodon kowa, kuma ita ce ta sa ake samun mai mastas da ke kai bayanansa shagon kwamfuta a bakin get a yi masa lissafi ya biya, ranar kare furojet a tambaye shi me wannan lambar ke nufi ya tsaya yana kallon silin. Dan Allah kada ka zama shi. Ka sauke manhajar lissafin bayanai, Epi Info kyauta ne, R ma kyauta ne duk da yana da wuyar sha'ani a farko, in sashenku SPSS ko Stata suke amfani da shi ka koya. Ka iya haɗa takardar tambayoyi a KoboToolbox yadda za a cike a waya ko ba sabis. Ka sa Zotero ya riƙe maka manazarta. Sannan ka je shafin binciken nan na ƙasa kan yawan jama'a da lafiyarsu da ake kira NDHS ka yi rijista ka nemi bayanan, ana bayarwa ga masu bincike, ka ciro na jiharku ka yi ta juya su har sai ka iya faɗin mata nawa cikin ɗari ke haihuwa a gida ba tare da ka duba littafin kowa ba. Awa ɗaya kullum bayan sallar asuba ta ishe ka, wata shida za ka ga bambanci.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na yi rubutun nan tun farko.

Ka samu wurinka

Ka zaɓi wuri ɗaya, mazaɓa ɗaya ko asibitin sha-ka-tafi ɗaya, ka liƙe masa shekara da shekaru. Sassan da suka san abin da suke yi duk suna da irin wannan wuri, ABU suna da Yakawada, na Kano suna da Kumbotso, can ake kai ɗalibai su zauna. Amma kai ma ka yi naka, inda mai unguwa ya san sunanka, inda inchajin asibiti zai kira ka in ya ga abin da bai gane ba, inda ungozomar gargajiya za ta ce maka ɗan nan zo ka ji. Ka san jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukumar, wanda ake ce wa DSNO, ka riƙa bin sa a bayan mashin in an ce ga ƙyanda ta ɓulla. Ranar rigakafi ka je ka buɗe akwatin sanyi da hannunka ka ɗauko kwalba ka duba ɗan tambarin nan na jikinta, in murabba'in ciki ya yi duhu ya kamo da'irar waje to zafi ya kashe maganin sai zubarwa. Ka ɗaura wa yaro tef ɗin awon damtse ka ga ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, sannan ka ɗago ka kalli uwar ka nemo kalmar da za ka gaya mata ɗanta na da tamowa ba tare da ta ji kamar zaginta kake ba. Wanda ya yi wannan in ya shiga aji maganarsa daban take, ɗalibai ma suna ganewa tun kafin ya gama jimla ta biyu.

Bari in ba ka misali daga kaina. Wata shekara na kai ɗalibai wani ƙauye da takardar tambayoyi da muka fassara daga Turanci muna ganin mun yi gwaninta, tambaya ta ce shin yaronki ya yi rashin lafiya cikin sati biyu da suka wuce. Da yamma muka haɗa takardu sai ga shi kusan kowa lafiya lau, ni kuma da idona na ga yara a sanɗare a kan tabarma. Washegari na bi wata ɗaliba muka shiga wani gida bayan mai gidan ya yi mana izini, aka shimfiɗa mana tabarma a gindin darbejiya aka kawo ruwa a kwanon sha, ta sake yi wa matar tambayar ta ce lafiyarsa ƙalau, ga yaron a bayanta idonsa ya zurma. Na ce Hajiya ba ya zawo? Ta ce yana yi mana kwana huɗu kenan, ai haƙori ne. Kaga a wajenta haƙori ba ciwo ba ne, hanya ce da kowane yaro ke bi. Tambayarmu ce ba ta da kyau, ita gaskiya ta faɗa. Haka in ka tambayi mace 'ya'yanta nawa, wata ba za ta lissafa ɗan fari ba saboda kunya, wata ba za ta ambaci waɗanda suka koma ba sai ka bi a hankali ka ce cikin nawa kika yi, nawa ke raye. Shekarun yaro kuma ba da kalanda ake tambaya ba, sai dai ka ce kafin azumi ne ko bayan babbar sallah, da damina ko da kaka. Gidan da aka rubuta ba shiga kuwa kada ka ma soma tura namiji, ka tanadi mata masu tambaya tun a kasafin kuɗinka. Duk wannan babu shi a littafin da aka rubuta a Landan, a tabarma ake koyonsa, kuma shi ne abin da za ka kawo wa ilimin da wani daga waje ba zai iya kawowa ba.

Daga irin wannan zaman ne za ka samu tambayarka. Ka zaɓi abu ɗaya ka bi shi, ko mutuwar mata wajen haihuwa, ko yaran da ba a taɓa yi musu allura ko ɗaya ba, ko tarin fuka, ko maganin maleriyar nan da ake raba wa yara wata-wata da damina, ko mashaƙo da ya dawo ya addabi Kano a 2023. Matsala dai ba ta yi mana kaɗan ba, Najeriya ita kaɗai ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu maleriya a duniya. Dubi Farfesa Hadiza Galadanci ta jami'ar Bayero, likitar mata ce amma ta ɗauki shekaru tana bin abin da ke kashe mata wajen haihuwa, har ta shiga cikin jagororin binciken E-MOTIVE da aka yi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu. Wata leda ce mai ma'auni ake shimfiɗawa ƙarƙashin mai haihuwa a ga ainihin jinin da ta zubar maimakon kintace da ido, in ya kai sai a haɗa magungunan a ba ta lokaci guda ba ɗaya bayan ɗaya ba, da sakamako ya fito a 2023 an samu raguwar mummunan zubar jini da kusan kashi 60 cikin 100. Wanda yau yana rubutu kan hawan jini gobe kan shaye-shaye jibi kan wankin hannu, takardu za su taru amma in ana neman masani a kan wani abu ba wanda zai tuna da shi.

Amana

Wannan ba wasa a ciki. A 1996 lokacin annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano da yara kusan 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani yadda ya kamata ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Raɗaɗin abin yana cikin dalilan da suka sa da aka zo 2003 ana jita-jita kan ɗigon shan inna mutane suka yarda da ita nan take, Kano ta dakatar da rigakafin sai tsakiyar 2004 aka dawo, cutar kuma ta tsallaka ƙasashe da dama. Sai da sarakuna da malamai suka shigo da ƙarfinsu aka yi shekaru ana bi gida-gida kafin a kai ga 25 ga Agusta 2020 ranar da aka ayyana Afirka ta rabu da shan inna na daji, wato nau'in cutar na asali. Kaga amana in ta zube shekara nawa ake yi ana kwasa. Saboda haka ko furojet ɗin ɗalibi ne kada ka fita fili sai da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, takardar neman yarda kuma ka rubuta ta da Hausar da kakarka za ta gane, a karanta wa mutum a fili a gaya masa yana da damar ya ce a'a ba abin da zai same shi. In ka gama kuma ka koma. Ka tara su a ƙofar fada ka ce ga abin da muka gani. Mutanenmu sun gaji da masu zuwa da farar mota su ɗebi jini da amsoshi a nemi su a rasa.

Rubutu da hawa mataki

Tsanin dai sananne ne, daga mataimakin lakcara zuwa lakcara na biyu, na ɗaya, babban lakcara, mai jiran farfesa, sai farfesa, kuma galibi sai ka yi aƙalla shekara 3 a kowane mataki. Ranar da ka kama aiki ka je rijistara ka karɓi kundin ƙa'idar ƙarin girma na jami'arku ka karanta shi kamar za a yi maka jarabawa, don kowace jami'a da yadda take kasa maki. Abin da ke ɗaga mutum shi ne takardun da ya wallafa, kuma nan ne tarko yake. Za ka riƙa samun imel daga mujallun bogi suna kiranka babban masani suna cewa turo mu buga cikin sati ɗaya ka biya dala kaza. Gudu. Mujallar kirki sai ta tura wa masana sun tsefe aikin, ta dawo maka da shi ja-wur da gyara, wani lokacin ta ce ba ta so ma, ka gyara ka kai wata. Ka duba ko tana cikin rumbunan mujallun da aka tantance irin su PubMed ko Scopus ko DOAJ, na Afirka kuma ka leƙa AJOL. In kuɗin bugawa ya fi ƙarfinka ka rubuta ka nemi a yafe, da yawa suna yafewa ko su rage. Sai al'adar nan ta sa ni in sa ka, mutum shida su yi adashin suna, kowa ya rubuta ɗaya ya jera sauran. Na san ana yi kuma na san matsin da ke sa a yi, amma ranar da aka tsayar da kai a taro aka tambaye ka kan takardar da ko karanta ta ba ka yi ba, mutuncin da ya zube ba ya dawowa. Ka buɗe ORCID da Google Scholar, shafukan da ke tara takardunka ƙarƙashin sunanka, ka kuma tsaya kan rubutun sunanka iri ɗaya, kada yau Muhammad gobe Mohammed.

Koyarwar kanta fa? Ita ce aka fi wulaƙantawa saboda makinta kaɗan ne a fom, alhali ita ce sunan aikin. Kada ka shiga aji da handawut ɗin da aka ba ka shekara goma da suka wuce. In za ka koyar da binciken annoba ka kawo jerin marasa lafiya da aka goge sunayensu na wata ɓarkewa ta gaske ka ce su zana su faɗi ranar da abin ya fara. In tsarin lafiya ne ka tura su su tambayi inchaji yaushe rabon da kuɗin asusun kula da lafiya a matakin farko wato BHCPF ya shigo, wanda dokar lafiya ta 2014 ta ce a ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, su dawo su gwada doka da abin da suka tarar. Ɗaliban furojet kuma ka karanta aikinsu ka mayar musu cikin sati biyu, kai ma ka san zafin jiran sufabaiza.

Kuɗi, tunda dole a faɗa

Albashin jami'a ba zai sa ka yi arziki ba, kuma yajin aiki gaskiya ne, na 2022 wata 8 ya ɗauka daga Fabrairu zuwa Oktoba. Saboda haka ƙungiyoyi masu zaman kansu za su zo da aikin wucin gadi da alawus mai tsoka, ba haramun ba ne ka karɓa, hasali ma nan ake koyon yadda shiri ke tafiya. Sai dai ka yi wa kanka iyaka, na ga malamai masu kaifin basira da suka koma 'yan bita, wannan satin Abuja wancan satin Kaduna, aji ya zama na wakili, ƙauye kuma an manta hanyarsa. Kuma abin da ya faru a farkon 2025 da Amurka ta tsayar da tallafin USAID dare ɗaya ya isa darasi, mutane da yawa sun wayi gari ba aiki. Ka nemi tallafin bincike da sunanka, ka fara da ƙaramin na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, da ake nema ta cikin jami'a, in ka yi ƙwari ka nemi babban na ƙasa, ka sa ido kan guraben TDR, shirin binciken cututtukan ƙasashe masu zafi na hukumar lafiya ta duniya, da na karatu na Commonwealth. Za a ƙi ka sau da yawa, ka ajiye kowace takardar da aka ƙi don gyara za ta sha ta sake fita.

Ka nemi uban gida a ilimi, ba lallai mai babban suna ba, wanda dai zai karanta rubutunka ya zauna da kai. Ka riƙa kai masa aiki a hannu ba gaisuwa kawai ba. Manyan da suka share hanyar nan ai haka suka haɗa aji da aikin fili, marigayi Farfesa Umaru Shehu wanda ya rasu a 2023 shi ya fara shugabantar sashen lafiyar al'umma a ABU har ya riƙe jami'ar Nsukka, kuma da rikicin shan inna ya taso yana cikin waɗanda suka tsaya suka yi wa jama'a bayani. Farfesa Muhammad Ali Pate ɗan Misau ya riƙe hukumar lafiya a matakin farko daga 2008 zuwa 2011, ya je ya koyar a Harvard, ya dawo minista a 2023.

Ke kuma ƙanwata, ina da magana da ke ta musamman. Rabin aikin nan a cikin gida yake inda mu maza ba ma shiga, abin da mai jego za ta gaya miki a ɗaka ni ko shekara zan yi a zaure ba zan ji shi ba. Na san aure da goyo da karatu haɗa su ba sauƙi, ki zauna da maigida tun kafin ki sayi fom ku yi maganar tafiye-tafiyen ƙauye da kwanakin jarabawa, ki zaɓi wurin bincike kusa da gida, in haihuwa ta zo a tsakiya ki rubuta takardar jingine karatu a hukumance kada ki ɓace kawai a cire sunanki.

Wanda ya karanta har nan, ga aikin satin nan. Ranar da ake awo ko rigakafi a asibitin unguwarku ka shirya da sassafe ka je, ka gaida inchaji ka gaya masa ko kai waye, ka roƙi izinin zama a gefe. Ka tafi da ɗan littafi da biro. Ka ƙirga mata nawa suka zo, ƙarfe nawa aka fara, wace allura ce ta ƙare, su waye suka juya suka tafi kafin layi ya zo kansu, in ka samu dama ka bi ɗaya a hankali ka tambaye ta me ya sa.